Filin Shawara: Wane Linux Ya Dace da Kwamfutar Gida?

Wasiƙun wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi. Akwai tsohuwar kwamfuta a gida, Windows ya fara ba da matsala, wani cikin iyali ya ce a koma Linux, sai gardama ta ɓarke a kan wane iri za a ɗora. Ga huɗu daga ciki.

*Assalamu alaikum Anti. Ina fatan kina lafiya, ya aiki, ya iyali? Muna da laftof guda ɗaya a gida, HP ce ta hannu da maigidana ya saya shekarun baya, RAM ɗinta giga 4. Da ita yake rubuta takardun wurin aikinsa, da ita 'yata take shirin JAMB, kuma hotunan sunan yarana duk suna ciki. Yanzu kullum sai ta fito da saƙo wai an daina kula da Windows 10, kuma ita ba za ta ɗauki Windows 11 ba. Babban ɗana da ke jami'a ya ce a ba shi ya ɗora mata Linux. Jiya ya ce Ubuntu, yau ya ce Kali, wai shi ne na ƙwararru. Babansa ya ce idan ya kuskura ya taɓa ta ransa zai ɓaci. Tun ranar daga gaisuwa ba abin da ke haɗa su, ni kuma ina tsakiya. Kuɗin sabuwa babu. Yaya zan yi?*

*Uwar biyar, Kano*

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, wannan rigima tana da magani, kuma maganin bai kai kuɗin sabuwar kwamfuta ba. Maigidanki yana tsoron a lalata masa abin da yake neman abinci da shi, kuma tsoro ne na mai hankali. Ɗanki ya hango hanyar da za ta tsare muku aljihu, sai dai ɗokin ƙuruciya ya sa ya miƙa hannu ga abin da bai dace da gida ba.

Saƙon da kike gani gaskiya ne. Kamfanin Microsoft ya rufe kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar za ta ci gaba da kunnuwa yadda ta saba. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro da ake turowa duk wata don toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. An buɗe wa masu amfani a gida wani ƙarin wa'adi zuwa Oktoban 2026, amma jinkiri ne kawai. Windows 11 kuwa yana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da furosesar Intel wadda galibi ba ta gaza zubi na takwas ba, wato ƙirar wajen 2017 zuwa sama. Laftof na hannu da yawa da ke gidajenmu sun girmi haka, alhali lafiyarsu ƙalau. Abin yana damuna, domin na'ura mai aiki ba ta cancanci a jefar da ita don kawai wani kamfani ya ja layi ba.

Kin ce ɗanki kullum da sunan da yake kawowa. Dalilin shi ne Linux ba hajar kamfani ɗaya ba ce. Wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta zuciyarsa a 1991, ya sake shi a fili kowa ya duba, ya gyara, ya raba. Tun daga nan ƙungiyoyi da kamfanoni suke ɗaukar wannan zuciya, su ƙara mata fuska da manhajojin aiki, su sa wa abin suna. Gari ɗaya ne, kowa da irin tuwon da ya tuƙa. Debian ya fito a 1993. A kansa kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya gina Ubuntu a 2004. A kan Ubuntu kuma wani Bafaranshe, Clément Lefebvre, ya fara Linux Mint a 2006. Ko wayar Android da ke hannunki a kan zuciyar Linux take tafiya.

Kali a cire shi daga lissafi tun yanzu. An yi shi ne don masu aikin gwada tsaron na'urorin kamfanoni, kuma su kansu masu yin sa sun bayyana cewa ba su ba da shawararsa ga wanda bai saba da Linux ba, ko mai neman kwamfutar aikin yau da kullum. Samari suna son sa ne saboda sunan da ya yi a finafinai da bidiyoyin masu kutse. Idan gobe ya zo miki da Arch, shi ma ki ce a'a: da hannu ake harhaɗa shi, kuma sabuntawarsa ba ta yankewa, ga cin data, ga buƙatar mai zama a kansa. Fedora yana da kyau ƙwarai, amma duk wata shida yake fitar da sabon zubi, kowanne kuma kulawar wata goma sha uku ko kusa da haka yake samu. Gidan da mai gyaran kwamfutarsa yake makaranta rabin shekara ba ya buƙatar wannan hidima.

Ubuntu ba laifi, musamman zubinsa mai dogon wa'adi da ke fitowa a watan Afrilu duk shekara biyu, wanda ake kula da shi shekara biyar. Sai dai fuskarsa ta bambanta da wadda maigidanki ya saba, tana kuma da ɗan nauyi ga giga 4, sannan fayil ɗin da za a sauke ya kusan giga 6. Ni Linux Mint nake ba ku shawara. Maɓallin farawa yana ƙasa a hagu, agogo a dama, kamar dai yadda idonsa ya saba gani. Fayil ɗinsa wajen giga 3 ne, jerin zubi na 22 kuma yana da kulawa har 2029. Yana zuwa da Firefox da LibreOffice a ciki, ana iya ƙara Chrome da VLC da Zoom, WhatsApp kuma ta burauza. Masu yin sa sun ce giga 2 ne mafi ƙarancin RAM, giga 4 kuma a yi aiki cikin sakewa. Fuska uku yake da su, Cinnamon da MATE da Xfce. A fara gwada Cinnamon, in an ji tana jan ƙafa a koma Xfce, wadda ta fi sauƙi. Wani abin da ya sa na fi natsuwa da shi: tunda a kan Ubuntu aka gina shi, kusan duk matsalar da za ku ci karo da ita wani ya riga ya warware ta ya rubuta yadda ake yi.

Yanzu ga yadda za ki sasanta su. Kafin komai, a kwashe hotuna da takardu a ajiye a wuri biyu daban, ki buɗe su da idonki ki tabbatar sun kwafu. Sannan ɗanki ya samo filash mai giga 8, ya zuba Mint a ciki da manhajar Rufus ko Ventoy. Ana iya tayar da kwamfuta daga filash ɗin a yi aiki da Linux ba tare da an taɓa Windows ba ko kaɗan, muddin ba a danna alamar girkawa ba. In an cire filash aka sake kunnawa, komai yana nan yadda aka bar shi. Ranar gwajin babansa ya zauna a gefensa. Su duba ko Wi-Fi yana kamawa, ko sauti da kyamara suna aiki, ko firinta tana bugawa. Maigidanki ya buɗe takardunsa na Word da Excel da kansa a LibreOffice ya gani. Wasiƙa da rahoto na yau da kullum suna buɗewa lafiya, amma takarda mai tebura da ado da yawa takan ɗan goce, kuma gara ya gane haka tun kafin a yanke hukunci. Kada jinkirin filash ya tsorata shi, ba haka gudun zai kasance ba bayan an girka.

In gwaji ya yi kyau, shawarata ita ce kada a goge komai. A sayi ƙaramin faifan ajiya irin SSD, mai giga 128 ko 256 ya wadatar, mai gyara ya cire tsohon faifan ajiya da Windows ɗinsa da duk abin da ke ciki, maigidanki ya karɓa ya kulle a durowarsa. A kan sabon za a ɗora Mint. Ranar da ya ce bai gamsu ba, a mayar da tsohon, an koma gidan jiya ba asarar komai. Wannan shi zai cire masa fargaba, kuma SSD kaɗai zai sa ku ji kamar an canza muku kwamfuta, domin a irin waɗannan tsofaffin laftof faifan ajiya ne ya fi jawo nawa. A yi girkin batir a cike, kada a dogara da wutar NEPA. A kunna Timeshift, wanda ke ajiye hoton tsarin don a iya komawa baya in wata sabuntawa ta kawo cikas. Kowa a buɗe masa nasa asusun, kalmar sirrin mai iko kuma ta zauna a hannun maigida.

Sai batun 'yarki, wanda ban so ya ɓace a cikin rigimar maza. In manhajar da take gwajin JAMB da ita irin ta Windows ce, ba za ta buɗe kai tsaye a Linux ba. In ta burauza take yi ko ta waya, ba matsala. In jarrabawa ta matso, a ɗage duk wannan aiki sai ta gama.

Ki sami maigidanki a keɓe, ba gaban yara ba, ki nuna masa cewa tsohon faifan a hannunsa zai zauna. Shi kuma yaron ki ce ya je ya ba mahaifinsa haƙuri, ya nemi izinin gwaji kawai. Sha'awarsa ta koyon tsaron kwamfuta abu ne mai kyau da zai iya zame masa sana'a, kada a kashe masa ita. Ya ajiye Kali a filash ɗinsa na kansa, ya yi ta koyo a kan na'urorin da aka ba shi izini.

*Anti barka da aiki. Ina aiki a shagon yayana, muna buga katin biki da kalanda da takardun makaranta. Duk aikinmu da CorelDraw ne, kuma gaskiya Windows ɗin da manhajojin ba na asali ba ne, a kasuwa aka zuba mana. Kullum cikin bairos muke saboda filash ɗin kwastomomi. Abin yana damun zuciyata, ina jin kamar muna cin haƙƙin wasu. Abokina ya ce mu goge komai mu koma Linux. Yaya ya ce ba ya son jin zancen. Ina tunanin in yi kawai ranar da ya yi tafiya.*

*Ƙaninki a Zariya*

Ƙanena, kada ka yi. Shago nasa ne, kuma abin da aka yi a bayan idon mutum, ko alheri ne, da wuya ya karɓe shi a matsayin alheri. Ban da haka ma, a kan wannan kwamfutar yayanka ya fi abokinka gaskiya.

CorelDraw ba shi da zubin Linux, Photoshop ma haka. Akwai wata manhaja mai suna Wine da ke ƙoƙarin tafiyar da kayan Windows a kan Linux, tana yin nasara da wasu, amma ba zan ce ka jingina abincin gidaje biyu a kanta ba. Abin da ake da shi a madadin su ne Inkscape don zane, GIMP don gyaran hoto, Scribus don tsara shafuka. Kyauta ne, halal ne ka sauke ka raba, kuma ana yin aiki mai kyau da su. Sai dai Inkscape, ko da yake yana buɗe wasu fayilolin Corel, ba kullum suke fitowa daidai ba, rubutu yakan goce, inuwa ta ɓace. Ga kuma batun launi. Injin buga takarda da launuka huɗu na CMYK yake aiki, Inkscape kuwa ya fi ƙarfi a launin allo, sai an bi ta Scribus kafin a fitar da PDF irin wanda maɗaba'a ke so. Ka ƙara da cewa masu maɗaba'ar da kuke kai wa aiki da kwastomomin da ke zuwa da tsohon zanensu duk fayil ɗin Corel suka sani. Ranar da uwar amarya ta zo karɓar kati ana jibi ɗaurin aure, ba za ta saurari bayanin manhaja ba. Firinta ma abin dubawa ce: yawancin na HP suna aiki da taimakon HPLIP, amma wasu tsofaffin Canon irin LBP2900 suna wahalarwa kafin su yarda.

Damuwar da ke zuciyarka kuwa ina girmama ta. Hukuncinta na addini ka kai wa malamin da ka amince da iliminsa. Ta fuskar aiki, manhajar da aka fasa tana yawan zuwa da mugun abu a ɓoye, kuma mai yiwuwa wani kason bairos ɗin da kuke fama da shi daga nan yake. Hanyar da na gani ita ce ku raba aiki gida biyu. Kwamfutar zane ta zauna a Windows, ku riƙa ware wani abu daga ciniki har ku sayi lasisi na gaskiya. Sannan ku samo wata tsohuwa ku ɗora mata Mint, ta zama ita ce mai karɓar filash ɗin kwastomomi, da buga takardu, da cike fom a intanet. Bairos ɗin nan da ke mayar da fayiloli gajerun alamomi a filash don Windows aka rubuta shi, ba ya tashi a Linux, kuma daga can za ka ga fayilolin da ya ɓoye ka kwaso su. Wannan kaɗai zai rage muku zaryar zuwa wurin mai gyara, kuma da wannan ribar za ka je wa Yaya, domin ita ce zai gani da idonsa. A kan wannan ta biyun ka riƙa koyon Inkscape da Scribus in kasuwa ta lafa.

*Malama, ina gaisuwa. Ni tsohon mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, na huta da aiki. Ina da tsohuwar na'ura mai ƙwaƙwalwa ta tebur, Windows 7 ke ciki, RAM giga 2. Ina rubuta tarihin zuri'armu da Hausa, ina kuma rubutu da Faransanci da ɗan Larabci. Jikana ya ce Linux zai farfaɗo da ita. Abin da nake tsoro shi ne haruffanmu masu lanƙwasa, kada in rasa su.*

*Dattijo daga Damagaram*

Baba, ina gaishe ka da girmamawa, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Jikanka ya yi gaskiya. Windows 7 ya rasa kulawa tun Janairun 2020, don haka shiga intanet da shi akwai haɗari.

Jikan naka ya fara gwada Linux Mint mai fuskar Xfce daga filash. In ya tashi, na'urarka mai 64-bit ce, sai a ci gaba. In ta ƙi, ta rubuto cewa furosesar ba ta dace ba, to mai 32-bit ce, kuma Mint ya daina yin irin wannan tun zubi na 20 a 2020. A nan sai a koma ga antiX, wanda aka gina a kan Debian musamman don tsofaffin na'urori, ko da yake saita shi ya fi buƙatar haƙuri. Giga 2 zai ishe ka rubutu sarai. Burauza ce mai cin RAM, in aka buɗe shafuka da yawa za ta yi nauyi ko wane tsari aka ɗora, don haka in na'urar tana karɓar ƙari a kai ta giga 4.

Haruffa kuwa kada su hana ka barci. Ana iya girka Mint gaba ɗaya da Faransanci, kuma a saitin madannai akwai tsarin Hausa na Najeriya da na Gana, ga na Faransanci, ga na Larabci, kana sauyawa tsakaninsu da dannawa ɗaya. Abin lura shi ne tsarin Hausan a kan jerin QWERTY yake, kai kuma na san hannunka ya saba da AZERTY. In sauyin ya dame ka, ka zauna a kan AZERTY ɗinka, jikanka ya shiga wurin gyaran rubutu na kai tsaye a LibreOffice ya saita wasu alamomi da za su riƙa juyewa zuwa ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da kuke rubutawa a Nijar. Zubin haruffa na DejaVu da Noto suna ɗauke da su duka. Don Larabci a kunna rubutun dama zuwa hagu a LibreOffice, a sauke zubin Amiri, yana da kyau a ido kuma kyauta ne.

Roƙona ɗaya, Baba: kafin a taɓa na'urar, a kwafe tarihin nan a filash biyu, a kuma buga shi a takarda. Tunda ta tebur ce ba batir, a yi girkin lokacin da aka tabbatar wuta za ta zauna.

*Anti ki taimake ni. Yayana ya ɗora Ubuntu a laftof ɗina jiya, ya zaɓi goge faifai gaba ɗaya bai sani ba. Furojet ɗina na ƙarshe yana ciki, babi huɗu. Ko abinci na kasa ci.*

*Ɗalibarki a Sakkwato*

'Yata, sannu, Allah Ya mayar miki da alheri. Ki kashe laftof ɗin yanzu, kada ki sake kunna ta, kada a sauke komai a cikinta. Abin da aka goge sau da yawa yana nan kwance a faifai har sai an rubuta wani abu a kansa, kuma duk minti ɗaya da take kunne ana ƙara rubutawa.

Ki kai ta wurin wanda ya san aikin ceto fayil, ki ce ya tayar da ita daga filash ya bi faifan da PhotoRec, ya zuba abin da ya samu a wani faifai daban. Fayilolin za su dawo ba sunayensu na asali, sai kin bi su ɗaya bayan ɗaya. In tsohon faifai ne mai juyawa akwai kyakkyawan fata, in SSD ne fatan ya ragu sosai, gara in gaya miki tun yanzu. Kafin nan ki bincika imel ɗinki da WhatsApp, duk babin da kika taɓa tura wa malamin da ke duba aikinki ko wata ƙawa yana can. Ki tambayi shagon da kika taɓa buga shi, sukan bar kwafi a kwamfutarsu. Babin da ke kan takarda kuma, ko da jan biron malam a jikinsa, ana iya sake buga shi cikin kwana kaɗan. Gobe da safe ki je ki sanar da malamin abin da ya faru, kuma yayanki ya raka ki wurin mai gyaran, shi zai biya kuɗin aikin.